Bindigogin Kawu Mai Tsire

Ni na jawo, gara in faɗa tun da wuri. A bakin bazan na yi ɓarnar, wato wurin da muke layin ɗiban ruwa a Misfala, unguwarmu a Makka. Ɗan mai gahawa ne ya tsaya yana cika mana baki, wai ubansa yana da takobin da aka je yaƙi da shi. Ni kuwa ba a cika baki a gabana in ƙyale. Na ajiye garwa na ce, "Takobi? Mu a gidanmu da irinsa muke yanka albasa. Kawuna bindiga arba'in gare shi." Wallahi goma na buɗe baki zan ce, wadda ita ma ƙarya ce, sai arba'in ta bangaje ta ta fito.

Shida ne. Shidan ma, ɗaya tsatsa ce kawai ke riƙe da ita.

Kawu yayan Inna ne, a gidansa muke zaune tun da Baba ya tafi Jidda dako a bakin teku. Tsire yake sayarwa a gefen hanya, wanda Larabawan nan suke kira siriya, suna ci suna lasar hannu har gwiwa. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano. Ya yi noma a Wadai, ya tsinci auduga a Sudan, ya yi aure a hanya, kafin ya tara abin shiga jirgin ruwa. Shi da bakinsa yake cewa ya bar gida ba gemu, ya iso Makka gemun ya fara fari. Matarsa tana kwance a maƙabartar Ma'ala, duk Juma'a sai ya je ya yi mata addu'a. Yakan ce shi ya gama tafiya a duniya, saura 'yar gajeruwar nan daga Misfala zuwa Ma'ala, ita ma ɗaukarsa za a yi. Takardar izinin zama kuwa, ba shi da ko wadda za a ƙunsa yaji.

Ta hanyar raguna bindigogin suka shigo gidanmu. Kawu ba ya sayen rago a cikin gari, ya ce dillalan sun fi ragunan ƙiba. Sai ya fita can hanyar Yaman, bayan fararen ginshiƙan da ke nuna iyakar harami, inda Larabawan daji suke sauka da dabbobinsu. To, da yaƙin Turawa ya ƙare a hayin teku, sai bindigogin da sojoji suka gama da su suka riƙa tsallakowa cikin jiragen katako, a ƙarƙashin buhunan dawa. Duk makiyayin da ka gani yana rataye da ɗaya, wani ma da ita yake kora awaki. Waɗanda suka tsufa ko suka yi tsatsa ba su kai kuɗin akuya ba. Wata rana Kawu ya je sayen rago, ya dawo da rago da bindiga. Wata rana kuma ya dawo da bindiga babu rago. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ita za mu soke a tsinke mu barbaɗa wa ƙuli?"

Ya san kowace kamar 'yar cikinsa. Akwai biyu na Turkawa masu tambarin jinjirin wata, Larabawa suna ce musu ummu hamsa, don harsashi biyar suke ci. Akwai ta Ingilishi, ummu ashara, mai cin goma, Kawu ya ce ita ce acici a gidan. Akwai 'yar gajeruwa ta Italiya, wadda ya fi so. Akwai doguwa ta Faransa da ta girmi kowa a unguwar. Sai mai tsatsar nan da ba wanda ya san ƙasarta, don tausayi ya saye ta. Da hantsi, kafin ya hura wuta, zai shimfiɗa buzu a tsakar gida ya jera su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu kitsen rago. Shi ya sa duk bindigoginmu ƙamshin tsire suke yi. Kyanwoyin Misfala kaf sun san ranar shafa. In ka ga sun yi sahu a kan katanga kamar masu jiran liman, to Kawu ya fito da kaya.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wai wa za ka yaƙa?"

Ya ce, "Kai dai ba ka da hankali. Dubi wannan." Ya ɗago 'yar Italiya. "An ƙera ta a wata ƙasa, aka kai ta yaƙin da ba nata ba a wata ƙasar. Masu ita suka watsar da ita suka tafi. Ta shigo jirgi a ɓoye, ga ta a Makka ba takarda. Wa ka sani haka?"

Na ce, "Kai."

Ya ce, "To. Takari ce 'yar'uwata, baƙuwar Makka irina. In ban riƙe ta ba, wa zai riƙe ta?"

Amma yana da dokarsa, wadda bai taɓa karyawa ba. Ya ji a wurin malamai cewa bai halatta a ɗauki makami a Makka ba. Ya yi ta juya maganar a ransa har ya samo mafita: bindigar da aka zare wa sakata, wato ƙarfen nan da ake ja baya a tura harsashi, ba makami ba ce, sanda ce mai nauyi. Don haka duk wadda ya saya, tun kafin ya ƙetare fararen ginshiƙan zai zare sakatar, ya naɗe a tsumma, ya ba wani tsoho mai rumfar shayi a can ajiya. Yakan ce bindigoginsa ihrami suka ɗaura, ko sauro ba su da ikon taɓawa. In kewa ta dame shi, sai ranar sayen rago ya naɗe ɗaya a tabarma ya kai ta can, ya mayar mata da sakatarta, ya ja, ƙaras, ya tura, ƙaras, ya lumshe ido kamar mai lasar zuma. Sai ya zare ya dawo gida. Harsashi kuwa bai taɓa saye ba.

Maganar da na saki a bazan ba ta tsaya a can ba. Ɗan mai gahawa ya kai wa ubansa, uban ya zuba wa jama'a tare da gahawa, su kuma suka watsu da ita. Ana nan sai wani yaro ya ja ni gefe a kasuwa ya raɗa mini cewa akwai wani takari a Misfala mai bindiga ɗari da igwa a ƙarƙashin gado, igwar ma ta fi wadda ake bugawa da azumi. Na riƙe baki. Ban gane ƙaryar da na haifa ba, ta girma ta yi gemu. Har na ruga gida da zumuɗi na ce, "Kawu, ashe akwai wanda ya fi ka a unguwar nan!"

Kawu ya ce, "Allah ya sa ya sayar mini da ɗaya."

Washegari umda ya aiko a kira shi.

Umda shi ne mai unguwa a nan. Ba a ɗaurin aure, ba a haya, ba a sulhu sai da saninsa. Bayan la'asar yake zama a kan mirkaz, dogon bencin igiya da ke ƙofar gidansa. Ƙaton mutum ne mai son tsiren Kawu, amma ranar babu alamar wasa a fuskarsa. Na bi Kawu a baya na raɓe jikin bango.

"Ya Hajji," in ji umda da Larabci, "magana ta kai kunnen askar, 'yan sandan gari. Shawish ɗinsu, wato sajensu, ya zo mini da safe. Na roƙe shi ya bar ta a hannuna kafin ta hau sama, don in ta hau sama ni ma ɗan kallo ne. Ka fito da bindigogin nan duka ka miƙa, a rufe zance."

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe," don shi in ya rikice Hausa ce ke fara zuwa masa, sannan ya juya harshe. "Shida ne. Zan kawo."

"Shida?" Umda ya ajiye carbi. "Ya Hajji, marowatan cikin mutane ne suke cewa arba'in. In na miƙa wa shawish shida, zai tambaye ni ina sauran. Za su zo su haƙa gidanka har su tarar da ruwa. In ba su samu ba, za su ce kawo takardarka. Ka san abin da ke bayan wannan."

Kowa a wurin ya sani: mota zuwa Jidda, jirgi zuwa Sawakin a Sudan. Kawu ya juya ya dubi wajen Ma'ala, ko da yake daga nan ba abin da ake gani sai katangar gidan umda.

Umda ya ce, "Wa ya fara cewa arba'in? Shi nake nema."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba, ƙasar Makka dutse ce. Na ɗaga hannu kaɗan, kamar mai korar ƙuda.

Kawu ya juyo. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Kai ne mai igwar?"

Na ce, "Igwar ba tawa ba ce, Kawu. A hanya aka ƙara ta."

Umda ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ya walad," wato yaro, "in ka ce yanzu ƙarya ka yi, shawish zai ce kawunka ne ya murɗe maka kunne. Maganarka ta biyu ba za ta goge ta farko ba." Ya shafa gemu. "A nan ba abin da ke tabbata sai da shaidu. Kullum ana kawo mini shaidu cewa wane mai gaskiya ne, a ba shi mata, a ba shi haya. To ku gobe ku kawo mini akasin haka. Mutum biyu 'yan unguwa, masu mutunci, su faɗa a gaban shawish cewa yaron nan tun da can ba a ɗaukar maganarsa."

A gida Inna ta zagaya da ni tsakar gida da muciya har ta gaji. Kawu bai hura wuta ba ranar. Ya fito da bindigogin ya jera a kan buzu, ga kitse a kwano, amma bai shafa ba, kallonsu kawai yake yi. Inna ta ajiye masa tuwo ta ce, "Yaya, ka ci ko loma ce." Ya ce to, bai taɓa ba. Can ya ɗago ya ce mini, "Tashi. Kai ka shuka, kai za ka nemo masu girbi."

Haka na bi gida-gida ina sallama, ina durƙusawa ina cewa, "Baba, don Allah gobe ka zo gaban umda ka ce ni maƙaryaci ne." Na ɗauka za a yi mini kara, a ce haba, yaron kirki kamarka. Ba wanda ya ce haka. Tela ya ce ko ɗinkin sallah ne a gabansa zai rufe shago. Mai burodi ya tambaye ni ko an yarda mutum ya zo da ƙaninsa.

Mutum biyu aka nema. Da la'asar ta yi, ƙofar gidan umda ba masaka tsinke. Shawish yana tsaye gefe, siririn saurayi mai gashin baki, bindigarsa a kafaɗa. Tabarmar Kawu a naɗe a ƙasa da kayan a ciki.

Tela ya fara. "Allah ya taimaki umda. Yaron nan ya ce mini ranar da ruwa ya cika kwarin nan ya ga ambaliya ta wuce da raƙumi, mai shi yana kai yana zuba gahawa, ko ɗigo bai zubar ba."

Na ce, "Ya zubar da kaɗan."

Umda ya ce, "Uskut, ya walad," wato in rufe baki.

Mai burodi ya ce na gaya wa mutane cewa ɓeran gidan burodinsa sai da aka sa masa linzami aka fitar da shi. Wani mai sayar da gawayi ya ce na rantse masa na taɓa cin barkonon da ya sa inuwata ta yi gumi. Wannan ma na manta da ita, da na ji ta sai na ga ta yi kyau. Sai tsohuwa mai fura ta ture maza da sandarta ta shigo tsakiya.

Ta ce, "Wannan mijina ne, ni na san shi. Ya yi mini alkawarin gida mai hawa bakwai kusa da masallaci, har yau ko ludayi ban gani ba. Kuma uwarsa ta aiko ni. Ta ce a gaya wa umda ita ta haife shi, kuma ranar haihuwar ma sai da ungozoma ta sake dubawa, don kukan jarirai uku ya yi shi kaɗai."

Da aka fassara wa shawish, sai ya juya baya yana gyaran hula, kafaɗunsa suna rawa.

Umda ya ce, "Kai fa, ya Hajji? Ka shaida maƙaryaci ne?"

Kawu ya ce, "A'a."

Tela ya dafe kai.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, a hannuna yake cin abinci. Ban taɓa aikensa da nama ya ci ya ce kyanwa ce ba. Idonsa ne ke da yalwa, in ya ga abu ɗaya sai ya ji ya yi masa kaɗan. Bindiga shida gare ni, wannan na shaida. Amma ba zan kira shi da wancan suna a bainar jama'a ba."

Na sunkuyar da kai. Gaskiya na taɓa cin naman aike, amma da ya tambaya na ce ni ne, har na ƙara yawan abin da na ci.

Shawish ya ce ya gamsu, shida ne, a buɗe. Aka warware tabarma. Ya ɗauki ummu ashara, ya shinshina ta, ya dubi Kawu, ya sake shinshinawa. Sai ya juya ta, fuskarsa ta canza. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku.

Ya ce, "Ina sakatun?"

Dariyar da ke wurin ta ɗauke ɗif.

"Bindiga shida, ba ko ɗaya mai sakata. Wanda ya raba bindiga da sakatarta ya ɓoye, ya san abin da yake shiryawa."

Kawu ya yi masa bayani a hankali, da Larabcinsa mai ɗingishi: maganar malamai, fararen ginshiƙai, tsoho mai shayi. Shawish ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ɗayyib, na ji. A aika a kawo su, ka saka su nan a gabana, in ga kowace ta shiga gidanta. Sannan in yarda."

Kawu ya ce, "A nan ba zan saka ba."

"Na'am?"

"A cikin harami ba zan saka ba. Kai hukuma ce ta ɗora maka wadda ke kafaɗarka, aikinka ne. Ni ba wanda ya ɗora mini."

Tela ya matso ya raɗa masa da Hausa, "Alhaji, jirgi fa. Jirgi!"

Kawu ya ce, "Na ji. Tun da na fara sayensu nake kiyaye wannan. Ba ranar rabuwa zan karya ba."

Ni dai a raina na riga na ga Kawu a cikin mota, na ga Inna tana ɗaure masa kaya. Shawish ya haɗe gira, ba ya son a ce masa a'a a gaban mutane. Sai umda ya yi abin da ba a saba gani ba, ya sauko daga mirkaz da kansa, bencin har ya yi ajiyar zuciya. Ya ja shawish gefe ya dafa kafaɗarsa, suka yi ta ƙus-ƙus. Abin da kunnena ya kama shi ne, "Mutumin da ya tsananta wa kansa haka, shi kake tsoro?" Daga ƙarshe shawish ya ce to, gobe da safe a je can.

Muka fita da jaki, ni da Kawu da shawish. Umda ya ce ƙafarsa ba ta san wannan hanyar ba, ya wakilta tela. Muna wuce fararen ginshiƙan tsoho mai shayi ya fito da ƙunshin tsumma, ya miƙa ba tare da tambaya ba, ya ga fuskar Kawu ya gane. Kawu ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Bai ko duba ba, hannunsa ya san wace sakata ce ta wace. Ya saka wa na Turkawa, ƙaras, ƙaras, ya miƙa wa shawish da hannu biyu. Ya saka wa acici, ya saka wa tsohuwar Faransa. Mai tsatsa ta ƙi karɓa, sai da ya lallashe ta da dutse. 'Yar Italiya ya bari ƙarshe. Ya saka mata, ya ja, ya tura, ya ɗora ta a cinya yana kallonta. Ba wanda ya ce ya yi sauri.

Shawish ya dube shi, ya tafi wajen makiyayan da suka taru kallo, ya dawo da harsashi ɗaya a tafin hannu. Ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "nan ai waje ne. Harba sau ɗaya ku yi sallama."

Kawu ya ce, "Ban iya ba. Ban taɓa ba."

"Ba ka taɓa harbi ba?"

"Ko sau ɗaya."

Shawish ya dubi tela, tela ya gyaɗa kai. Ya dube ni, sai ya tuna ko ni wane ne, ya kawar da kai. Ya saka harsashin da kansa, ya gyara wa Kawu gindin bindigar a kafaɗa, ya nuna masa wani tudu da ba kowa. Kawu ya yi bismilla, ya rufe ido duka biyu, ya ja kunama.

Duwatsun wurin suka riƙa miƙa wa juna ƙarar. Awaki suka watse, ina jin wasunsu har yau suna Yaman. Jakinmu ya faɗi abin da ke ransa. Da hayaƙi ya washe sai ga Kawu zaune daɓas a ƙasa, hularsa can gefe, bindigar a ƙirjinsa. Yana dariya, idonsa kuma cike da ruwa. Ya shafa ta ya ce, "Ashe haka muryarki take." Ya tashi ya kaɗe riga, ya miƙa ta.

Shawish ya ɗaure su a bayan jaki ya tafi da su. Ba a sake tayar da maganar ba, ba kuma wanda ya tambayi Kawu takarda. Kafaɗarsa ta kumbura, ni na riƙa juya tsire har ta saɓe. Bindigogin ba su dawo ba, shi ma bai ƙara sayen wata ba. Yana nan Misfala.